Famfon Da Ke Jikin Bakteriya Da Matsalar Bijire Wa Magunguna

1.0 Gabatarwa

Tsakanin shekarar 2014 da 2017 an gudanar da wani babban gwajin magani a ƙasashe uku na Afirka, wato Nijar da Malawi da Tanzaniya. A Nijar an yi aikin ne a ƙauyukan Boboye da Loga na jihar Dosso. Duk bayan wata shida ma'aikata kan bi gida-gida su ba kowane yaro mai wata 1 zuwa wata 59 wani magani mai suna azitiromaisin sau ɗaya, ko yana ciwo ko lafiyarsa lau. A wasu ƙauyukan kuma sai a ba yara maganin wofi, mai kama da na gaske amma ba komai a cikinsa, domin a sami abin kwatantawa. Da sakamako ya fito a 2018 sai aka ga mace-macen yara sun ragu da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku gaba ɗaya, a Nijar kuwa da kashi 18 cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da iyaye da yawa suka binne 'ya'yansu kafin yaye.

Sai dai kuma masu binciken sun ci gaba da auna abin da ke cikin hanci da hanjin yaran. Bayan shekara huɗu ana rabon, alamomin gado na bijire wa azitiromaisin da danginsa a hanjin yaran da ake ba maganin sun ninka na sauran yaran fiye da sau bakwai. An kuma ga alamomin bijire wa wasu magungunan daban, irin su dangin fenisilin, sun ƙaru, alhali ba su aka raba ba.

Tambayar da ta taso daga nan ita ce: ta yaya halitta mai ɗaki ɗaya, wadda ba ta da ƙwaƙwalwa balle dabara, take ƙin jin magani, har ma ta ƙi jin magunguna da yawa a lokaci guda? Hanyoyin suna da dama. Wannan takarda za ta tsaya ne a kan guda ɗaya, wato famfon da bakteriya ke amfani da shi wajen fitar da magani daga cikinta.

2.0 Batun Kalmomi

Kafin a shiga bayani ya kamata ɗalibin harshe ya lura da nauyin da aka ɗora wa kalmar ƙwaya. Abin da ke jawo ciwo ƙwaya ne, abin da ake haɗiya don a warke shi ma ƙwaya ne, ga kuma ƙwayar halitta da ƙwayar ido da ƙwayar hatsi. Mai fassara da bai yi hattara ba zai iya rubuta cewa ƙwaya ta kasa kashe ƙwaya, ya bar mai karatu cikin duhu. Haka kuma "ƙwayar cuta" ta haɗa bakteriya da bairas da masu kawo zazzaɓin cizon sauro duka a buhu ɗaya, ga shi kuwa magungunan da ake magana a kansu a nan, waɗanda ake kira antibayotik, galibi bakteriya suke yi wa aiki. Saboda haka za a riƙa cewa bakteriya kai tsaye.

Akwai kuma maganar da ake yawan ji a bakin kemis: "Jikina ya saba da wannan kafson, a ba ni wani." Wannan jimla ta ɗora laifin a kan wanda ba shi da shi. Jikin mutum bai canza ba, bakteriyar da ke cikinsa ce ta canza, kuma tana iya barin jikinsa ta shiga na maƙwabcinsa da bai taɓa shan kafson ba. Don haka "bijirewa" ta fi "sabo" dacewa, muddin an tuna cewa mai bijirewar bakteriya ce.

Ita kuma kalmar famfo, Bahaushe ya fi saninta da abin da ke kawo ruwa. Famfon da ake nufi a nan fitarwa yake yi. Aikinsa ya fi kama da na mai kwarfe ruwa daga kwalekwale: ruwa na shigowa ta tsaga, shi kuma yana kwarfewa da ƙwarya, kuma muddin hannunsa ya fi tsagar sauri, jirgi ba zai nutse ba.

3.0 Yadda Aka Gano Famfon

Yawancin magungunan antibayotik sai sun shiga cikin bakteriya sun taru har sun kai wani adadi kafin su yi aiki. Tetarasakilin, wato kafson nan mai ja da rawaya da ake sayarwa har a faifan 'yan talla, yana shiga ne ya maƙale a injin da bakteriya ke ƙera furotin da shi, ya tsayar da shi. Tun kafin 1980 masana sun san cewa bakteriya na iya farfasa magani da wani sinadari, kamar yadda take yi wa fenisilin, ko ta sauya siffar wurin da maganin ke maƙalewa. Sun kuma lura cewa bakteriya mai bijire wa tetarasakilin ba ta tara shi da yawa a cikinta, amma sun ɗauka ƙofar shiga ce ta rufe.

A 1980 Stuart Levy da Laura McMurry da wani abokin aikinsu a Jami'ar Tufts da ke Boston ta Amurka suka nuna ba haka abin yake ba. Dabarar da suka yi mai sauƙin fahimta ce. Sun ɗauki tantanin da ya kewaye bakteriyar hanji mai suna Escherichia coli, suka yi 'yan ƙananan jakunkuna da shi waɗanda aka juya bai-bai, kamar riga, ciki ya koma waje. Idan da gaske akwai abin da ke tura magani waje, to a jakar da aka juya zai riƙa tura shi ciki. Haka kuwa aka gani: jakunkunan da aka yi da tantanin bakteriya mai bijirewa sun riƙa tara tetarasakilin, kuma sai an ba su makamashi suke yin hakan. Ke nan aiki ake yi, da ƙarfi, ba toshewar ƙofa ba ce.

Wannan famfo, wanda ake kira TetA, tetarasakilin da danginsa kaɗai ya sani. Umarnin ƙera shi yakan zauna a kan wani ɗan zoben gado da ake kira falasmid, wanda bakteriya ke iya miƙa wa 'yar'uwarta, har ma wadda ba jinsinsu ɗaya ba. Shi ya sa yake yaɗuwa da sauri. Iruka Okeke da abokan aikinta sun auna Escherichia coli daga bayan gidan ɗalibai a Ile-Ife tsakanin 1986 da 1998. A 1986 masu bijire wa tetarasakilin da amfisilin da kuloramfenikol da sitiraftomaisin suna tsakanin kashi 9 da kashi 35 cikin 100. A 1998 sun kai tsakanin kashi 56 da kashi 100. Ba duka wannan ne aikin famfo ba, amma famfo yana daga cikin manyan hanyoyin da bakteriyar hanji ke kuɓuta daga tetarasakilin.

4.0 Famfon Da Ba Ya Zaɓe

Da a ce kowane famfo magani ɗaya yake fitarwa, da matsalar ta zo da sauƙi, likita ya canza magani a wuce wurin. A farkon shekarun 1990 aka gano akwai wani iri daban. A 1993 Hiroshi Nikaido da abokan aikinsa a Berkeley suka bayyana famfon AcrAB na Escherichia coli, a shekarar kuma Keith Poole a Kanada ya bayyana takwaransa MexAB a jikin Pseudomonas aeruginosa, bakteriyar da ke addabar masu ƙuna da masu doguwar jinya a asibiti. Masana sun kasa famfunan bakteriya gida shida bisa gininsu da irin makamashin da suke ci, amma waɗannan biyu 'yan gida ɗaya ne, gidan da ake kira RND, kuma shi ne ya fi tayar wa likitoci hankali.

Don a fahimci gininsa sai an san cewa bakteriya iri biyu ce bisa wani rini da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884. Akwai mai tantani ɗaya da kauri a bango, akwai kuma mai tantani biyu, na ciki da na waje, da ɗan fili a tsakaninsu, kamar gida mai katanga biyu. Masu kawo taifot da kwalara da ciwon sanyi da yawancin ciwon fitsari duk masu katanga biyu ne. Famfon RND ya ratsa katangun duka biyun, kuma sassa uku gare shi. AcrB yana zaune a katangar ciki, shi ne injin. TolC wani dogon bututu ne da ya huda katangar waje. AcrA kuma shi ke ɗaure su wuri ɗaya. Masana a Cambridge ta Ingila sun fitar da siffar TolC a 2000, suka ga tsawonsa kimanin nanomita 14 ne, wato kashi 14 cikin miliyan na milimita ɗaya. Duk wanda ya san soron ƙasa ya san amfanin indararo: ba ya barin ruwa ya zuba a gindin bango, can waje yake watsa shi. TolC indararo ne. TetA ba shi da irin wannan bututu, iyakarsa ya ajiye magani a filin da ke tsakanin katangu biyu, inda zai iya sake komawa ciki. Abin da AcrB ya tura kuwa ya fita gidan gaba ɗaya, kuma sai ya sake fama da katangar waje, wadda ba ta barin abu ya shiga da sauri.

Siffar AcrB ta fito daga Osaka ta Japan a 2002, a hannun Satoshi Murakami da abokan aikinsa, a 2006 kuma aka fahimci yadda yake motsi. Injin ya ƙunshi ɗakuna uku iri ɗaya da suke jingine da juna. A kowane lokaci ɗaki ɗaya yana buɗe yana karɓar magani, na biyu ya riƙe nasa gam, na uku yana matse nasa zuwa cikin bututu. Daga nan sai su yi musayar aiki, mai karɓa ya zama mai riƙewa, mai riƙewa ya zama mai matsewa. Mai karatu zai iya tuna mata uku a kan turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta wancan na tashi, ba a taɓa barin turmin ya huta ba. Ƙarfin da ke motsa shi yana zuwa ne daga ƙwayoyin haidirojin masu caji waɗanda bakteriya ke tarawa a wajen tantaninta na ciki. Idan suna kwararowa ciki ta jikin AcrB sai su motsa shi, kamar yadda ruwan Kainji ke juya injin lantarki.

Abin da ya sa famfon ba ya zaɓe shi ne aljihun da ke riƙe maganin. Faffaɗa ne, mai maiƙo, kuma ba ya neman siffa takamaimiya irin yadda kwaɗo ke neman makullinsa. Kusan duk wani ƙaramin sinadari mai ɗan son mai yana iya maƙalewa a wani lungu nasa. AcrB yana fitar da tetarasakilin da kuloramfenikol da sifurofulosasin da iritiromaisin da rifamfisin da yawancin dangin fenisilin, magungunan da babu abin da ya haɗa su a siffa ko a wurin aiki. Yana fitar da sabulu da rini iri-iri, har da shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo. Hasali ma sunan Acr daga wani rini mai suna akirifilabin aka ɗauko shi. Akwai dai abin da ya fi ƙarfinsa: jentamaisin da danginsa sun fi son ruwa, AcrB ba ya kama su sosai, sai wasu famfunan irin su AcrD da MexXY.

4.1 Me Ya Kawo Shi Tun Farko?

Famfon ya girmi asibiti nesa ba kusa ba. Umarnin ƙera shi yana cikin ainihin gadon bakteriyar, ba aro ta yi ba, kuma kowace Escherichia coli tana da shi ko da a jikin wanda bai taɓa ganin kafso ba. Dalili shi ne wurin zamanta. Hanji cike yake da ruwan maɗaciya, wanda ke narkar da kitse kamar sabulu, tantanin bakteriya kuma da kitse aka yi shi. Wadda ba ta iya kwarfe ruwan maɗaciya ba, ba za ta zauna a hanji ba. Bakteriyar ƙasa ita ma tana fama da gubar tsirrai da ta maƙwabtanta. Da ɗan'adam ya zo da magungunansa a tsakiyar ƙarni na 20, sai ya tarar da mai tsaron ƙofa yana nan tun tuni.

Bakteriya ba ta barin famfon yana aiki da cikakken ƙarfi kullum, domin yana cin makamashi. Akwai wasu furotin da ke danne shi, akwai masu zuga shi. Levy da wani abokin aikinsa sun gano ɗaya daga cikin waɗannan makunnai a 1983, suka sa masa suna mar. Sun rena Escherichia coli a cikin ɗan tetarasakilin kaɗan ko kuloramfenikol, sai suka sami 'ya'yan da suka bijire wa magunguna da dama da ba a taɓa gwada musu ba. Kuskure ɗaya a gadon furotin mai dannewa ya isa ya bar makunnin a kunne, bakteriya ta cika jikinta da famfuna. A ɗakin gwaji an ga salisilet, sinadarin da asfirin ke komawa a jiki, shi ma yana kunna mar na ɗan lokaci.

A nan ne ma'anar bijire wa magunguna da yawa take fitowa. Mutumin da ya sayi kafso huɗu don gudawa ya sha biyu ya ajiye biyu, bai kashe bakteriyar ba, ya dai tace su ne, masu yawan famfo suka rage. Waɗanda suka rage ɗin kuwa ba kafsonsa kaɗai suka fi ƙarfi ba.

5.0 Sayen Lokaci

Gaskiya ita ce famfo shi kaɗai sau da yawa ba ya sa bakteriya ta gagari magani kwata-kwata. Yakan ninka adadin maganin da ake buƙata sau 'yan kaɗan ne. Haɗarinsa yana wajen lokacin da yake saya mata. Bakteriyar da ba ta mutu yau ba za ta hayayyafa, a cikin miliyoyin jikokinta kuma za a sami wadda ta yi sauyin da ya fi ƙarfi. A 2019 masana a Lyon ta Faransa suka kalli wannan da idonsu a madubin ƙara girma. Bakteriya ta karɓi zoben gado mai ɗauke da TetA alhali tana cikin tetarasakilin, maganin da ya kamata ya hana ta ƙera kowane sabon furotin. Duk da haka ta ƙera TetA, domin AcrAB ya rage maganin da ke cikinta daidai yadda injinta zai ɗan motsa. Da aka cire AcrAB sai abin ya gagara.

Tarin fuka ma bai tsira ba. An amince da bedakwilin a Amurka a 2012, sabon maganin tarin fuka na farko cikin kimanin shekara arba'in. A 2014 aka nuna cewa sauyi a makunnin wani famfo mai suna MmpL5 yana rage ƙarfin bedakwilin tare da na kulofazimin, tsohon maganin kuturta da ake haɗawa da shi. Mai ciwon da ya sha ɗaya zai iya rasa amfanin duka biyun.

6.0 Komawa Ga Azitiromaisin

An haɗa azitiromaisin ne a kamfanin Pliva na Zagreb a 1980, shekarar da aka gano famfon farko. Bakteriya na kuɓuta daga gare shi ta manyan hanyoyi biyu: ko ta sauya wurin da yake maƙalewa, ko ta fitar da shi. Mai kawo ciwon huhu da sanƙarau, Streptococcus pneumoniae, tana da famfo mai suna Mef wanda dangin wannan magani kaɗai yake fitarwa. A ƙauyukan Dosso, bayan shekara biyu, kimanin kashi 12 cikin 100 na wannan bakteriya da aka samu a hancin yaran da ake ba maganin ta bijire wa danginsa, a ƙauyukan maganin wofi kuwa kimanin kashi 3.

Abin da ya fi wannan nauyi ya fito ne daga kudancin Asiya, kuma ya shafi taifot, ciwon da babu unguwar da ba a san shi ba daga Kano zuwa Maraɗi. A ƙarshen 2016 wani nau'in taifot ya ɓarke a Hyderabad ta Pakistan wanda ya bijire wa kuloramfenikol da amfisilin da saftirin da sifurofulosasin da allurar seftiriyazon. Maganin sha ɗaya ya rage mai aiki a kansa, shi ne azitiromaisin. A 2019 kuma masana a Dhaka ta Bangladesh suka ba da rahoton taifot mai bijire wa azitiromaisin, kuma da suka bi sawu sai suka tarar da dalilin a jikin AcrB. Furotin ɗin sarƙa ce mai ɗauri fiye da 1,000, ɗauri ɗaya tak ya sauya, na 717, a bakin hanyar da magani ke bi zuwa aljihu, sai famfon ya ƙware wajen fitar da azitiromaisin. An ga irin wannan sauyi ya taso da kansa a wurare daban-daban na yankin, ba daga tushe ɗaya ba.

Wanda zai yanke hukunci a kan rabon magani ga yara yana tsakanin abu biyu ne masu nauyi, kuma ba adalci ba ne a raina ɗaya daga ciki. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a taƙaita rabon ga jarirai masu wata 1 zuwa 11, a wuraren da mace-macen yara suka yi yawa ƙwarai, tare da sa ido a kan bijirewa. Sai aka sake wani gwajin a jihohin Dosso da Tahoua daga 2020 zuwa 2023. Sakamakonsa na 2024 ya nuna mace-mace sun ragu da kashi 14 cikin 100 inda aka ba duk yara 'yan ƙasa da shekara biyar, amma inda aka taƙaita ga jarirai ragin bai kai yadda za a tabbatar da shi ba. Wato hanyar da ta fi ceton rai ita ce kuma ta fi zuba magani a cikin al'umma. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙiyasin da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya nuna bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000.

7.0 Ko Za A Iya Toshe Famfon?

Tunanin a bayyane yake: a haɗa antibayotik da wani sinadari da zai toshe famfo, kamar yadda aka haɗa amoksisilin da kilabulanik don a hana bakteriya farfasa shi. Tsirrai sun riga mutum yin haka. A 2000 aka gano cewa wata bishiya mai suna Berberis tana yin guba mai suna barbarin, tana kuma yin wani sinadari na biyu wanda aikinsa kawai toshe famfon NorA na Staphylococcus aureus, bakteriyar maruru, don gubar ta zauna a ciki. A 2001 wani kamfani a Kalifoniya ya bayyana sinadarin da ke toshe famfunan Pseudomonas, ya dawo wa lebofulosasin da ƙarfinsa a ɗakin gwaji. Bai kai ga marasa lafiya ba, domin danginsa da aka gwada a jikin dabbobi sun taɓa ƙoda. Wata wahalar kuma ita ce jikin ɗan'adam shi ma yana da nasa famfunan a hanji da hanta da ƙoda, waɗanda ke fitar da guba, kuma ba a so a toshe su tare.

An gwada wata hanyar, wato a ƙera maganin da famfo ba zai gane ba. Taigesakilin, jikan tetarasakilin da ya fito a 2005, an yi masa wani dogon reshe ne a jiki don kada TetA ya iya kama shi, kuma dabarar ta yi aiki a kan TetA. Amma famfunan gidan RND, masu faffaɗan aljihu, suna fitar da shi: MexXY a jikin Pseudomonas, da AdeABC a jikin Acinetobacter baumannii, famfon da masana a Cibiyar Pasteur ta Paris suka bayyana tun 2001, shekara huɗu kafin maganin ya shiga kasuwa.